Wasan Gidan Gado a Nima: Nazarin Aikin Wata Ɗalibar Wasan Kwaikwayo

Wannan nazari ya shafi wata ɗaliba haifaffiyar Nima a birnin Akara, wadda ta karanci fannin wasan kwaikwayo a ɗaya daga cikin jami'o'in Gana, kuma da lokacin aikinta na shekarar ƙarshe ya zo sai ta nemi izinin gabatar da shi da Hausa a cikin unguwarsu, maimakon ta yi shi da Turanci a dandamalin makaranta kamar yadda yawancin 'yan ajinsu suka yi. An sakaya sunanta da na iyalinta da na jami'ar, domin ba su ne abin dubawa ba. Ni malami ne a makarantar da ta ara musu harabarta don bitar wasan, saboda haka wani sashe na abin da zan bayyana na gan shi da idona, sauran kuma daga bakinta da bakin mahaifinta na ji shi. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi ita ce tambayar da mutanen Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Gana, suka yi ta yi mata tun ranar da ta shiga jami'a: mene ne ake koya wa mutum har shekara huɗu a kan abin da kowane yaro ya iya, tunda babu ɗan makarantar allon da bai iya kwaikwayon tafiyar malaminsa ba?

Inda fannin ya samo tushe a Gana

Koyar da wasan kwaikwayo a jami'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1962 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Jami'ar Gana da ke Legon, a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Al'adun Afirka, kuma masanin kiɗan nan J. H. Kwabena Nketia na cikin waɗanda suka ɗora tubalinta. Manufar gwamnatin Kwame Nkrumah a lokacin ita ce 'yan Afirka su nazarci fasaharsu da idonsu, ba da idon Turawan da suka mulke su ba. Kafin wannan da shekara guda, marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland ta buɗe ɗakin wasanta a tsakiyar Akara, wanda aka gina shi a buɗe bisa fasalin tsakar gida, domin 'yan kallo su zauna kusa da 'yan wasa kamar yadda ake zama a wurin tatsuniya. An rushe wannan ɗaki daga baya don a gina Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa, wanda ƙasar Sin ta taimaka wajen gininsa aka buɗe shi a 1992, sannan aka sake gina irinsa a Legon da sunanta. A yau ana koyar da fannin a Winneba da Cape Coast ma.

Duk da wannan tarihi, fannin bai taɓa samun martabar likitanci ko lauyanci a idon iyaye ba. An daɗe ana tsokanar ɗalibansa da sunan masu digirin kiɗan dondo, wato gangar da muke kira kalangu. A Zango kuwa wannan raini yana da wani tushe na daban. Mu mutane ne da suka girmama rubutacciyar waƙa da malaminta. Har yau ana ambaton Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, saboda waƙoƙinsa na Hausa da Larabci. Amma wanda ya tsaya a gaban jama'a yana sauya murya da tafiya, mun saba ajiye shi a sahun maroƙa da 'yan kama, ana jin daɗinsa a wurin biki, ba a so ya nemi auren 'yar gida.

Yadda aka karɓi lamarin a gida

Mahaifin ɗalibar mai sayar da yadi ne a kasuwar Nima, kuma burinsa shi ne 'yarsa ta fari ta zama lauya. Da sakamakon shiga jami'a ya fito aka ga an ba ta wasan kwaikwayo haɗe da wasu darussa, ya amince ta tafi bisa sharaɗin cewa da zarar an ba ta damar zaɓi za ta ajiye shi ta riƙe wani fannin. Da damar ta zo sai ta zaɓi abin da aka ce ta ajiye. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ba ya kiran sunanta, kuma abin da ya ce mata a ranar shi ne: "Uwata, ni ban hana ki ilimi ba, amma ki faɗa mini abin da zan ce wa mutane idan sun tambaye ni me kike karantawa." Ta ce: "Baba, ka ba ni lokaci, in Allah ya yarda zan nuna maka, domin in na ce zan faɗa da baki ba zan iya ba."

Ya kamata a yi wa wannan uba adalci. Tsoronsa kashi biyu ne, kuma babu na banza a cikinsu. Na farko shi ne mutuncin 'ya mace da za ta riƙa cuɗanya da maza a wurin bita har dare. Na biyu shi ne abinci, domin ya biya kuɗin makaranta da cinikin yadi, yana kuma da ƙannenta a bayanta. Bai janye mata tallafi ba, amma ya shekara biyu ba ya tambayarta komai game da karatun.

Abin da ta koya

A ganina nan ne zuciyar lamarin, domin abin da ta yi a Nima daga baya ba ya fahimtuwa sai an san abin da aka horar da ita a kai. Ta ce mini shekarar farko kusan duka karatu ne da kallo. Sun bi tarihin fannin tun daga Girkawan birnin Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, sun karanta bayanin Aristotle a kan yadda ake ƙulla labari ya kai ga tsananta sannan ya warware, suka gangaro kan marubutan Turai da na Afirka. Duk wasan da aka gabatar a makaranta wajibi ne su kalla su rubuta sharhi, kuma malaminsu ba ya karɓar "ya yi kyau" ko "ya ba ni dariya" a matsayin sharhi. Sai ɗalibi ya faɗi a wace fitowa ce wasan ya kama shi, a ina ɗan wasan ya tsaya, wa ya juya wa baya, me ya sa aka rage haske a nan ba a can ba, kuma me zai faru da an cire wannan fitowar gaba ɗaya. Ta ce wannan horo ne ya fara sauya mata ido, har ta kai idan tana zaune a gidan suna tana lura da wadda ta shigo ta gaida kowa ta tsallake mutum ɗaya, ta gane cewa labari guda ke nan ba a furta kalma ba.

A ajin horon 'yan wasa an ɗora su a kan hanyar Stanislavski, mutumin Rasha da ya haɗu da abokin aikinsa suka kafa ɗakin wasa a Mosko a 1898. Tambayarsa ga ɗan wasa ita ce: me mutumin da kake wakilta yake so a wannan fitowa, kuma me ya tare masa hanya? Ta ba ni misalin darasin da aka sa kowannensu ya ratsa dandamali da kofin ruwa sau uku, da farko a matsayin mai kai wa marar lafiya, sannan a matsayin mai kai wa wanda ya ci masa bashi, sannan a matsayin wanda ya san an zuba wani abu a ruwan, ba tare da ya buɗe baki ba, 'yan aji kuma su faɗi wanne ne wanne. Daga nan suka karanci Brecht na Jamus, wanda ba ya son 'yan kallo su nutse cikin tausayi har su manta da tunani, da Augusto Boal na Barazil, wanda yake tsayar da wasa ya gayyaci mai kallo ya hau dandamali ya gwada nasa maganin matsalar.

Amma abin da ya juyo da ita gida shi ne marubutan Gana. Ta ga yadda Sutherland ta ɗauki tatsuniyar Ananse, wato Gizon ƙabilar Akan, da mai ba da labari, da waƙoƙin da masu sauraro ke katse labari da su, ta gina wasan dandamali a kansu. Ta kuma karanta Mohammed ben Abdallah, Musulmi haifaffen Kumasi a 1944, wanda ya riƙe muƙamin sakataren ilimi da al'adu a gwamnatin soja ta PNDC, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasa ta Abibigromma a 1983. Wasansa a kan shari'ar Malam Iliya, wanda aka buga a 1987, shi ne karo na farko da ta ga malami da rawani a tsakiyar wasan da ake nazari a aji. Ta ce a nan ta tambayi kanta: idan Ananse ya isa ya hau dandamalin jami'a, me ya hana Gizo da Ƙoƙi? Ta koma wurin kakarta ta wajen uwa, wadda aka haifa a Zangon Kumasi, tsohuwar ta zayyana mata tashe kamar yadda iyayenta suka ba ta labarinsa daga ƙasar Hausa: yara su fito bayan goma ga azumi, wani ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, 'yan mata su yi wasan Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure. Akwai sutura, akwai rabon matsayi, akwai amshi, akwai 'yan kallo masu ba da tukwici. Duk abin da ake kira rukunan wasa a aji ta tarar da shi a bakin kakarta.

Wasan da bitarsa

Jigon da ta zaɓa shi ne gidan gado, wanda kusan kowane layi a Nima ya san zafinsa. Maigida ya rasu ya bar mata ɗaya, da ɗa namiji da ke zaune a Jamus yana aiko da kuɗi, da 'ya mace da ta yi jinyar uban har ya cika, da 'yan haya cike da ɗakuna. Wani mai kuɗi yana son sayen filin ya gina bene. Ɗan yana son a sayar a raba, 'yar ba ta da inda za ta koma, tsohuwar kuwa tana tuna shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, maƙwabta da yawa suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka tafi, su kuma suka riƙe nasu. Ɗalibar ba ta sa mugu a cikin wasan ba. Kowa yana da hujja, kuma wannan shi ne abin da ya fi wahalar da 'yan wasanta.

Mutum bakwai ta tara, babu ɗalibin jami'a ko ɗaya a cikinsu: tela, da mai tuƙa babur, da malamar makarantarmu, da 'yan mata biyu masu koyon ɗinki, da wasu samari biyu da suka saba yin barkwanci a bikin saukar karatu. Ta gindaya ƙa'idoji tun ranar farko domin ta rufe bakin masu magana. Bita daga bayan la'asar zuwa kiran magariba ne kawai, a fili, ƙofa a buɗe, duk uwar da ke son zama ta kalla ta zo. Namiji ba ya taɓa mace a cikin wasan, kuma kowace mace tana cikin mayafinta. Wani zai ɗauka wannan takura ce ga fasaha, amma na ga akasin haka, domin da aka hana hannu magana sai tazara ta karɓi aikin: yadda 'yar ke matsawa taki ɗaya baya duk lokacin da yayanta ya matso ya fi duk wata tureriya bayyana abin da ke tsakaninsu.

Matsala ta farko ita ce harshe. Da aka ba su matsayi sai dukansu suka koma Hausar finafinan Kano, suna jan magana, suna kiran kalmomin da ba a taɓa ji a bakinsu ba. Ta tsayar da su ta ce mutanen wasan nan 'yan Nima ne, su yi magana kamar yadda suke yi a gida, da Hausarmu ta Zango wadda sau da yawa ba ta rarrabe "ya" da "ta", da kalmomin harsunan Tuwi da Ga da Turanci da suka zauna a cikinta. Tsohuwar kaɗai ta bar wa tsohuwar Hausa mai karin magana, ɗan da ya dawo daga Jamus kuma ta sa shi yana laluben kalma yana cikawa da Turanci, ta yadda kunne kaɗai ya isa ya gaya wa mai sauraro cewa zamani uku ne ke zaune a gida ɗaya. Matsala ta biyu ita ce ihu. Samarin nan biyu sun saba da lasifika da neman dariya ko ta halin ƙaƙa, ta yi makonni tana tambayar kowannensu me yake so daga wanda ke gabansa, har suka daina kallon 'yan kallo suka fara kallon juna.

Fitowar da aka fi shan wahala a kanta ita ce wadda ɗan ya nemi uwarsa ta ba shi mabuɗin akwatin da takardun gida ke ciki. Malamar da ta fito a matsayin tsohuwar ta so ta yi dogon jawabi na kuka, ɗalibar ta ce a'a. Abin da aka tsayar shi ne tsohuwar ta jawo bakin zanenta inda ta ƙulle mabuɗai, ta yi ta fama da ƙullin da yatsun da suka tsufa, ba ta ɗaga kai ba, ɗan yana tsaye da hannu a miƙe har hannun ya fara nauyi, sannan ta zaro mabuɗi ɗaya ta sa masa a tafi. Ya duba sai ya ga na ɗakin da ubansa ya rasu ne, wanda bai shiga ba tun da ya sauka. An maimaita wannan fitowa har malamar ta gaji, ana auna tsawon shirun, domin in ya gajarta ba ya kama zuciya, in ya zarce kuma yara za su fara surutu.

Saɓani da malamin unguwa

Tun da wuri ta kai rubutun wurin wani malami mai karantar da fiƙihu a unguwar domin ya duba mata rabon gado, ya tabbatar mata cewa matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji kuma yana da rabon mata biyu. Ya kuma ja hankalinta cewa a Gana akwai dokar gado ta 1985 da ake kira PNDCL 111, wadda rabonta ya bambanta da na shari'a, kuma iyalai kan shiga rikici idan wani ya garzaya kotu, sai ta ƙara wannan barazana a bakin ɗaya daga cikin mutanen wasan. Inda suka rabu shi ne ƙarshen labari. Malamin ya ce wajibi ne a shigo da malami a fitowar ƙarshe ya karanta aya, ya raba gado, ya yi nasiha, domin wasan da bai ƙare da hukunci ba yana iya barin jahili cikin ruɗu. Ta ce: "Allah gafarta Malam, rabon ba shi ne ya gagare su ba, kowa a gidan ya san rabonsa. Abin da ya gagare su shi ne yadda za a raba gida ɗaya ba a raba zumunci ba, kuma in na sa an yanke musu hukunci, masu kallo za su tashi su tafi an gama musu tunani."

Na ga girman malamin a nan, domin bai ce yarinya ta yi masa musu ba. Sun kwana biyu a kai, daga baya shi da kansa ya kawo mafita: a bar wasan ya tsaya inda ta ga dama, shi kuma zai zauna cikin 'yan kallo, in an gama ya amsa tambayoyi da sunansa na gaskiya, ba a matsayin ɗan wasa ba. Wannan ya raba aikin biyu yadda ya kamata, wasa ya tayar da tambaya, malami ya yi fatawa, babu wanda ya sa rigar wani.

Ranar wasa

An yi shi ranar Asabar a harabar makarantar, 'yan kallo sun kewaye fili ta gefe uku, mata a dama maza a hagu, yara a tabarma a gaba. Ba a yi amfani da fitila ko lasifika ba. Da yake rana a Akara tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, ta tsara a fara da ƙarfe huɗu, yadda fitowar ƙarshe za ta zo daidai lokacin da haske ke ja baya. Mai ba da labari ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", kuma tsofaffin mata ne suka fara amsawa kafin yara. Da aka zo fitowar mabuɗi wata mata ta kasa haƙuri ta ɗaga murya ta ce wa ɗan wasan ya ji tsoron Allah, na ga ya buɗe baki zai ba ta amsa kamar yadda ya saba a bikin sauka, sai ya haɗiye ya ci gaba da kallon tafin hannunsa. Wasan ya tsaya a inda mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofa, mutum uku na gidan suna zaune, babu wanda ya tashi ya buɗe.

Bayan sallar magariba mutane suka dawo, abin da ban zata ba. Muhawara ta ɓarke, wasu suna ganin ɗan ya fi kowa gaskiya domin shi ya ciyar da gidan shekara da shekaru, wasu suna cewa jinyar da 'yar ta yi ba ta da farashi. Malamin ya yi bayanin cewa magada suna iya yin sulhu bisa yardar juna bayan kowa ya san haƙƙinsa, aka yi ta yi masa tambayoyi har isha. Mahaifin ɗalibar ya zauna a sahun baya. Washegari ya ce mata ya ga kansa da ƙanensa a cikin wasan, kuma yanzu ya san abin da zai gaya wa masu tambaya, amma har yanzu yana jiran ta nuna masa inda albashi zai fito.

Hukuncin malaman jami'a da abin da lamarin ya bayyana

Malamai biyu suka zo tantancewa, ɗaya ba ya jin Hausa, saboda haka ta ba shi taƙaitaccen bayanin kowace fitowa da Turanci. Sun yaba da amfani da fili da hasken rana da fitowar mabuɗi, wadda wanda ba ya jin harshen ya ce bai buƙaci takarda ba kafin ya gane ta. Sun kuma yi suka mai tushe. Kashi na biyu ya yi sanyi saboda an maimaita gardama ɗaya sau biyu. Ɗan hayan da aka sa don ban dariya ya wuce gona da iri har ya danne wata fitowa mai muhimmanci. Ginshiƙin baranda ya tare wa wasu mata gani. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta tattaunawar bayan wasa: maza ne suka mamaye ta, alhali mata ne suka fi yawa kuma su labarin ya fi shafa, kuma wadda ta karanci Boal ya kamata ta tanadi hanyar da za ta buɗe musu baki. Ta karɓi wannan duka, ni ma ina ganin gaskiya ne.

Da na auna abin da na gani, na gamsu cewa tambayar mutanen Zango tana da amsa. Kwaikwayo kowa ya iya shi, amma sanin abin da za a cire, da inda za a yi shiru, da yadda za a ba kowane mutum hujjarsa har mai kallo ya rasa wanda zai tsana, wannan sai an koya, kuma ana koyonsa ne ta hanyar karanta ayyukan magabata da kallo mai tsanani da karɓar suka. Mun saba ɗaukar wasa a matsayin buhun da ake zuba wa'azi a ciki, in saƙon ya yi kyau ba a damu da ɗinkin buhun ba. A wannan karo ingancin ginin wasan ne ya dawo da mutane bayan magariba, kuma da an rufe shi da nasiha kamar yadda aka saba, ina kyautata zaton da malamin bai sami ko rabin tambayoyin da aka yi masa ba.

Akwai kuma gurbin da lamarin ya tona. Lokacin da ta zo rubuta kundin da ke rakiyar wasan, ta sha wahalar samun abin karantawa a kan wasan kwaikwayon Hausa, sai da ta nemi taimakon wasu ɗalibai a Nijeriya ta intanet. Ta hanyarsu ta san cewa rubutaccen wasan Hausa ya faro tun 1930 da wasanni shida da R. M. East ya wallafa, Abubakar Tunau ya biyo baya da Wasan Marafa, sannan Shu'aibu Maƙarfi, kuma tun shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kai wasa ƙauyuka ana yin sa da manoma a kan matsalolinsu. Hausa harshe ne da ake ciniki da wa'azi da shi daga unguwannin Nima da Sabon Zango da Madina na Akara har Kumasi da Tamale, saboda haka ɗalibin Gana da ke son yin aiki da shi bai kamata ya dogara da sa'ar samun aboki a wata ƙasa ba. Wannan nauyi ne a kan sassan jami'o'i, amma nauyi ne a kanmu ma, domin ba mu rubuta tashenmu da tatsuniyoyinmu na nan mun ajiye inda ɗalibi zai same su ba.

A halin yanzu tana aikin bautar ƙasa na shekara guda a wata makarantar sakandare, inda take koyar da adabi. An gayyaci ƙungiyar ta maimaita wasan a Madina, kuma ta riga ta taƙaita kashi na biyu, ta kuma shirya a yi zaman mata daban kafin a haɗa tattaunawa. Abu biyu ne suka tsayar da tafiyar. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi aure, ana neman wadda za ta maye gurbinta, iyayenta kuma su yarda. Sannan ba a gama shawara a kan yadda za a buga rubutun ba, domin in an mayar da shi daidaitacciyar Hausa za a rasa muryar Nima da aka sha wahala kafin a samo, in kuma an bar shi yadda aka furta shi, sai an zauna an tsayar da ƙa'idar rubuta kalmomin Tuwi da Ga da ke cikinsa, kuma wannan aiki ne da ita da malamar da ta fito a matsayin tsohuwar suka fara a ƙarshen mako.